William Jefferson Blythe (1918–1946): Uban Shugaba Tsakanin Labarin Baka da Takardun Kotu

1.0 Gabatarwa

A cikin shugabannin da suka mulki ƙasar Amurka, uku ne aka haifa bayan rasuwar iyayensu maza. Su ne Andrew Jackson a 1767, da Rutherford Hayes a 1822, sai kuma Bill Clinton a 1946. Bahaushe ya tanadi suna na musamman ga irin wannan ɗa, wato Audi, kuma duk wanda ya san ma'anar sunan ya san cewa mai shi bai taɓa ɗora ido a kan ubansa ba. Duk abin da Audi zai sani game da mahaifinsa, daga bakin wasu zai ji shi, su kuwa masu ba da labarin kowa da abin da ya gani, da abin da ya manta, da kuma abin da yake ganin ya dace maraya ya ji.

Wannan maƙala ta shafi mahaifin na ukun, William Jefferson Blythe. Shekara 28 ya yi a duniya. Ya yi yawon tallar kayan gyaran mota, ya je Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo lafiya, sannan ya rasu a cikin wata magudanar ruwa ta gefen hanya, wata uku kafin a haifi ɗansa. Bai riƙe muƙami ba, bai bar dukiya ba. Abin da ya sa rayuwarsa ta cancanci nazari shi ne tana da ruwaya biyu. Ta farko ta baka ce, daga matar da ya bari, wadda ita ce kaɗai aka sani har tsawon shekara 47. Ta biyu kuwa ta fito ne daga takardun aure da na saki da ke ajiye a kotunan ƙananan hukumomi na jihohi daban-daban, waɗanda ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya sai a 1993. Manazarta da suka saba fama da saɓani tsakanin adabin baka da rubutattun bayanai za su ga cewa matsalar ba ta tsaya ga al'ummun da rubutu ya makara zuwa gare su ba.

2.0 Asali da Sana'a

An haifi Blythe ranar 27 ga Fabrairu, 1918, a kusa da garin Sherman na arewacin jihar Texas, dab da Jan Kogi wanda ya raba Texas da Oklahoma. Wannan ita ce ranar da iyalinsa suka riƙe, ko da yake takardunsa na soja sun sa shekarar 1917. Su tara ne wajen iyayensu. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne, kuma ƙaramin manomi a kudancin Amurka bai ga zamani mai tsanani kamar shekarun da suka biyo bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 ba. Farashin auduga, wadda ita ce abin dogaron yankin, ya faɗo daga kimanin santi 17 kan kowane laba a 1929 zuwa ƙasa da santi 6 a 1931. Zuwa 1933, mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da aikin yi. A cikin wannan hali ne uban ya kwanta ciwo, ya rasu a 1935, lokacin Blythe yana da shekara 17. Ba a jima ba banki ya karɓe gonar saboda bashi.

Saurayin da ba shi da gona, ba shi da ilmi mai zurfi, amma Allah ya hore masa fara'a da daɗin baki, akwai sana'a guda da ke jiran sa a Amurkar wancan lokaci. Ya zama wakilin kamfani mai yawo gari-gari yana tallar kayan gyaran mota da injuna. Ya kamata a ɗan dakata a kan wannan sana'a, domin Hausa ba ta da kalma guda da ta yi mata daidai. Ba falke ba ne, don falke da kayansa yake tafiya, ribarsa da hasararsa duk nasa ne. Ya fi kusa da dillali, tun da kamasho yake ci a kan abin da ya sayar, sai dai dillali a kasuwar garinsu yake zaune, kowa ya san gidansu, in ya ci amana an san inda za a same shi. Ɗan talla kuma yakan koma gida da yamma. Shi wannan mutum mota ce ofishinsa, otal ne makwancinsa, yau yana Oklahoma, jibi yana Missouri, mako mai zuwa yana Tennessee ko Louisiana. Jarinsa shi ne mai gareji ya so shi cikin minti biyar na farko. A kowane gari baƙo ne, kuma baƙo shi yake ba da labarin kansa, ba mai ƙaryata shi. Irin wannan rayuwa ce Arthur Miller ya gina wasan kwaikwayonsa Death of a Salesman a kanta a 1949, shekara uku bayan rasuwar Blythe.

Takardun kotu sun nuna abin da wannan yawo ya haifar. A Disambar 1935 ya auri wata yarinya sa'arsa, auren ya mutu bayan shekara guda da ɗan kai, amma ba su daina ganin juna ba, har ta haifi ɗa namiji a Janairun 1938. A cikin 1938 ɗin ya sake yin wani aure wanda bai yi ƙarko ba. A ƙarshen 1940 ya auri ƙanwar matarsa ta fari, aka warware auren bayan 'yan watanni. A watan Mayun 1941 ya auri ta huɗu a jihar Missouri, ta haifi 'ya mace kwana takwas bayan ɗaurin auren. Wato kafin ya cika shekara 24, ya yi aure huɗu, yana da 'ya'ya biyu waɗanda ba ya zaune tare da su. Abu ne mai sauƙi a yanke masa hukuncin mayaudari a wuce. Amma ya kamata a lura cewa shekarun da ya yi wannan tamɓele su ne shekarun da ya rasa uba, ya rasa gona, ya rasa garin da zai kira nasa. Wannan ba ya wanke shi daga hakkin matan da yaran, waɗanda su ne suka ɗauki nauyin abin da ya bari. Yana dai bayyana yadda abin ya yiwu: babu dangi a kusa da za su tsawata, babu waliyyin da zai yi bincike, kuma magatakardan kotun wata ƙaramar hukuma ba shi da hanyar sanin abin da ke rubuce a littafin wata.

3.0 Haɗuwa da Virginia da Tafiya Yaƙi

Ruwayar baka daga 1943 ta fara. A shekarar, Virginia Cassidy, 'yar garin Hope na jihar Arkansas, tana koyon aikin jinya a asibitin Tri-State da ke Shreveport a jihar Louisiana. Kamar yadda ta riƙa ba da labari har ƙarshen rayuwarta, wani dare Blythe ya kawo wata budurwa da ciwo ya kama farat ɗaya. Yana cikin jira sai hira ta haɗa su. Da zai fita ya dawo, ya taɓa zoben da ke yatsarta, ya tambaye ta ko tana da aure. Ta ce a'a. Bayan kamar wata biyu, ranar 3 ga Satumba, 1943, aka ɗaura musu aure a Texarkana.

A nan ne ruwayoyin biyu suka fara rabuwa. Virginia ta tuna da shi a matsayin ɗan kasuwa da ya biyo ta garin a kan hanyarsa, alhali takardun soja sun nuna an riga an ɗauke shi soja tun watan Afrilun shekarar. Mafi nauyi kuma, a ranar da aka ɗaura auren, igiyar matarsa ta huɗu tana nan a kansa, domin kotu ba ta raba su ba sai a watan Afrilun 1944, wata bakwai bayan haka. Mai karatu Bahaushe zai iya cewa mene ne abin magana don mutum ya ƙara aure. A dokar Amurka kuwa, haɗa mata biyu a lokaci guda laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Ko da ma ba doka, Virginia ta ce ba ta san da ko ɗaya daga cikin auren da suka gabaci nata ba, kuma wannan ɓoyewa ba ta da mazauni a kowace al'ada.

Makonni kaɗan bayan biki aka tura shi ƙetare. Aikinsa a soja ci gaban sana'arsa ne, domin an sa shi a bataliyar da ke gyaran motoci da tankokin yaƙi, da farko a Masar, daga baya a Italiya. Littattafan tarihin yaƙi ba su cika kula da irin waɗannan sojoji ba, sun fi son masu riƙe da bindiga. Amma yaƙin Italiya, tun daga saukar sojojin ƙawance a Salerno a Satumbar 1943, zuwa kama birnin Rum ranar 4 ga Yuni, 1944, har zuwa saduda da Jamusawa suka yi a farkon Mayun 1945, yaƙi ne na tsaunuka da taɓo da gadojin da aka farfasa. Rundunar da ke tafiya a kan injuna ba ta gaba sai makanikai sun mai da motar da ta mutu kan hanya. Wannan shekara biyu ita ce mafi tsawon lokacin da takardu suka nuna Blythe a ƙarƙashin tsari guda, yana aiki guda, kuma an sallame shi da takardar yabo a Disambar 1945.

Daga wannan zamani ne aka sami ɗan abin da ya rage na muryarsa. Ranar 3 ga Yuni, 1994, a maƙabartar sojojin Amurka da ke Nettuno a Italiya, Shugaba Clinton ya ba da labarin cewa wata 'yar ɗan'uwan mahaifinsa ta taɓa rubuta masa wasiƙa a lokacin yaƙin, tana roƙon ya aiko mata da ganye guda na itatuwan Italiya don ta nuna a makaranta. Amsar da ya ba ta ita ce babu ganyen da zai aiko, domin luguden wuta ya kakkaɓe su duka. Shi kansa wannan labari ta bakin dangi ya iso ga ɗan.

4.0 Hanya Mai Lamba 60

Da ya dawo, sai ya koma aikinsa na talla a kamfanin Manbee da ke Chicago, ya ɗauki Virginia suka tafi can. Kimanin Amurkawa miliyan 16 ne suka yi aikin soja a yaƙin, kuma dawowarsu kusan a lokaci guda ta jawo ƙarancin gidaje a manyan birane. Ma'auratan sun sami wani ɗan gida a unguwar Forest Park, amma ba za a iya shiga ba sai bayan wani lokaci. Da yake Virginia tana da ciki, sai aka yanke shawarar ta koma Hope wajen iyayenta ta jira. Ranar 17 ga Mayu, 1946, bayan ya shigar da kaya sabon gida, Blythe ya kama hanya a motarsa ƙirar Buick ta 1942 don ya ɗauko matarsa. Tsakanin Chicago da Hope tafiya ce ta kimanin kilomita 1,200, shi kaɗai a mota.

Cikin dare, a kan babbar hanya mai lamba 60, kusa da garin Sikeston na jihar Missouri, wajen rabin tafiyar ke nan, tayar gaba ta fashe. Motar ta ƙwace, ta wuntsila. Da masu taimako suka iso ba su tarar da kowa a ciki ba. Sai da aka yi ta nema kafin a gano gawarsa a cikin magudanar ruwan da ke gefen hanya. Raunukan da ya ji ba masu kisa ba ne. Ruwa ne ya ci shi, ruwan da zurfinsa bai wuce ƙafa uku ba.

Akwai abubuwa biyu na tarihi da suka haɗu a wannan wuri. Na farko, tun watan Fabrairun 1942 masana'antun Amurka suka daina ƙera motocin farar hula suka koma kayan yaƙi, kuma bayan Japan ta mamaye gonakin roba na Malaya da tsibiran da suka zama Indonesiya, sai da takardar izini ake sayen taya, har ƙarshen 1945. Saboda haka a 1946 hanyoyin ƙasar cike suke da tsofaffin motoci a kan gajiyayyun tayoyi, ga shi motocin lokacin ba su da bel na ɗaure jiki. Na biyu, wannan kusurwa ta kudu maso gabashin Missouri a da fadama ce mai faɗi. A farkon ƙarni na 20 aka haƙa ɗaruruwan kilomita na magudanai aka janye ruwan, aka mai da wurin gonaki. Ɗaya daga cikin waɗannan magudanai ce ta karɓi mutumin da ya tsallake shekara biyu na yaƙi ba tare da ƙwarzane ba. An binne shi a maƙabartar Rose Hill da ke Hope, garin matarsa, garin da shi bai taɓa zama a cikinsa na wani dogon lokaci ba.

5.0 Audi, Sannan Agola

Ranar 19 ga Agusta, 1946, Virginia ta haihu a asibitin Julia Chester da ke Hope, ta sa wa yaron sunan ubansa, William Jefferson Blythe na Uku. Idan aka tattara kwanakin da ta yi tare da mijin, daga neman aure zuwa makonnin amarci zuwa wata biyar na bayan yaƙi, ba su cika shekara guda ba. Daga wannan ɗan lokaci ta gina uban da ta ba ɗanta: kyakkyawa, mai fara'a, mai ƙwazo, wanda ya mutu a kan hanyar zuwa ɗauko iyalinsa. Ba a ce ta yi ƙarya ba. Abin da ta gani ke nan, kuma ba ta zauna da shi tsawon da za ta ga wani abu dabam ba.

Yaron ya yi shekarunsa na farko a hannun kakanninsa, Eldridge da Edith Cassidy, yayin da uwar ta tafi New Orleans ƙaro ilmin sa barci a ɗakin tiyata. A 1950 ta auri Roger Clinton, mai sayar da motoci, daga baya suka koma garin Hot Springs. Audi ya zama agola. Mijin uwar mashayi ne, yakan kuma ɗaga hannu a kan matarsa, kamar yadda Clinton ya bayyana da kansa. Ba wuya a fahimci matsayin da mataccen uba zai samu a zuciyar yaron da ke girma a irin wannan gida. Mai rai yana dawowa a buge, matacce kuwa yana nan a hoto cikin kakin soja, yana murmushi, ba ya tsufa, ba ya kuskure. Duk da haka, da yaron ya kai shekara 15, shi da kansa ya je kotu ya mai da sunansa Clinton, sunan da ƙaninsa na wajen uwa yake amsawa. Da haka sunan Blythe ya fita daga takardun yaron, shi ya sa duniya ba ta san Shugaba Blythe ba.

Labarin bai fita daga bakinsa ba. A babban taron jam'iyyar Democrat da aka yi a New York a 1992, an nuna wani gajeren fim mai suna The Man from Hope, kuma maraicin ɗan takarar yana daga cikin ginshiƙansa. A littafin tarihin rayuwarsa, My Life, na 2004, Clinton ya bayyana cewa mutuwar uban tun da ƙuruciya ta sa ya tashi yana jin kamar rayuwar mutum biyu aka ɗora masa, yana kuma jin cewa lokaci ba shi da tabbas. Ruwayar uwa ta tashi daga tsakar gida ta shiga siyasar ƙasa.

6.0 Shekarar 1993

Mulki ne ya tono takardun. An rantsar da Clinton ranar 20 ga Janairu, 1993, a matsayin shugaba na 42. Bayan wata biyar, ranar 20 ga Yuni, wadda ta zo daidai da ranar da Amurkawa ke karrama iyaye maza, jaridar Washington Post ta buga dogon binciken da Gene Weingarten ya yi. Ɗan jaridar ya bi sawun Blythe kotu-kotu, ya yi hira da dangi da suka tsufa, ya fito da labarin auren farko da ɗan da aka haifa a 1938, wanda a lokacin dattijo ne mai shekara 55 a jihar Kalifoniya, yana amsa sunan mijin uwarsa, kamar dai yadda shugaban yake yi. Kafin shekarar ta ƙare, labarin 'yar da aka haifa a 1941 ya fito, tare da ranar da kotu ta raba auren uwarta. David Maraniss ya ƙara tace bayanan a littafinsa First in His Class na 1995. Clinton ya nemi yayan nasa, sun yi magana, daga baya sun sadu. Ita kuwa yayar, ya rubuta a 2004 cewa har lokacin ba su haɗu ba.

Kuskure ne a ɗauka cewa da fitowar takardu ruwayar baka ta faɗi, gaskiya ta yi halinta. Takardar aure ba ta ɗauke da komai sai abin da ango ya faɗa wa magatakarda, kuma angon nan mutum ne da sana'arsa ita ce faɗin abin da mai sauraro ke son ji. Shekarar haihuwarsa ma ba ta daidaita tsakanin takarda da takarda ba. Abin da takardun suka tabbatar shi ne ranaku da wurare: wa ya aura, yaushe, a ina. Ba su faɗi ko mutumin da ya dawo daga Italiya a 1945 shi ne wanda ya tafi a 1943 ba. Alamun da ake da su, wato komawa aiki, da sayen gida, da shigar da kaya, da tuƙin dare don ɗauko mace mai ciki, suna nuna mutum mai niyyar zama wuri ɗaya. Sai dai wata biyar ne kawai, shi kuwa a baya ya sha fara zama irin wannan ya watsar. Wanda ya ce ya shiryu da wanda ya ce hali zanen dutse ne, dukkansu hasashe suke yi, domin tayar da ta fashe a Sikeston ta hana a ga ƙarshen al'amarin. Akwai kuma abin lura guda: waɗanda suka san shi, har da wasu da ya ɓata wa, ba su cika ambaton sa da ɗaci ba, sun fi tuna kirkinsa da sakin fuskarsa. Wannan ma shaida ce, ko da yake shaida ce a kan abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Virginia ta ga fitowar duk waɗannan bayanai tana fama da ciwon daji. Ta ce ba ta san da su ba, ba ta kuma sauya yadda take ba da labarinsa ba, kamar yadda littafinta Leading with My Heart, wanda aka buga bayan rasuwarta, ya nuna. Bayan Blythe ta auri maza uku, biyu sun riga ta rasuwa, na ƙarshe, Richard Kelley, yana raye lokacin da ta cika ranar 6 ga Janairu, 1994, ƙasa da wata bakwai bayan binciken jaridar. An kai ta Hope, aka binne ta a maƙabartar Rose Hill, kusa da kabarin William Jefferson Blythe.